Ikon Shari'a a Bayan Iyakar Ƙasa

Duk wanda ya san birnin Jidda ya san Sharafiyya. Unguwa ce da ke arewa maso gabas da tsohon gari, wanda ake kira Balad, tana kuma maƙwabtaka da filin jirgin sama na dā, inda alhazai suka riƙa sauka har zuwa shekarar 1981, sa'ad da aka buɗe sabon filin Sarki Abdul'aziz a bayan gari. Wannan kusanci ya taimaka ta zama matattarar baƙi daga ƙasashe dabam-dabam. Shekaru da yawa fataken nan da ake kira 'yan Kano-Jidda, da alhazai masu sayen tsaraba, da waɗanda zama ya kama su, sun yi ta kai da kawowa a cikinta, har ya zamana mutum yakan ji Hausa a bakin titi kamar yana Fagge ko Kantin Kwari.

Amma ko da harshen ya zama na gida, ƙasar ba ta gida ba ce. A ɗauka cewa askarawa sun kama wani saurayi Bakano a Sharafiyya, ko dai saboda igamarsa ta ƙare, ko kuwa saboda ana tuhumarsa da laifin da ya fi wannan nauyi. Da labari ya kai gida, abin da 'yan'uwansa za su fara faɗi shi ne, ai ɗan Nijeriya ne, don me jakadan Nijeriya ba zai karɓo shi a yi masa shari'a a ƙasarsa ba? Tambayar ba ta wauta ba ce. Ita ce ainihin abin da masana dokokin ƙasa da ƙasa suke nufi in suna zancen ikon shari'a da ke tsallake iyaka, watau yaushe ne dokar wata ƙasa take iya bin mutum zuwa wata ƙasa, kuma ina ne take tsayawa.

Tushen al'amarin shi ne, kowace ƙasa mai mulkin kanta ita ke da iko a kan duk mutumin da ke cikin iyakarta, ɗan ƙasa ne ko baƙo, da duk abin da ya auku a can. Hausawa sun daɗe da sanin haka, gama sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Sai dai masana sukan raba wannan iko kashi uku. Akwai ikon kafa doka, watau a ce abu kaza laifi ne. Akwai ikon yanke hukunci, watau alƙali ya saurari ƙara. Sa'an nan akwai ikon zartarwa, watau kama mutum, da ɗaure shi, da ƙwace dukiyarsa. Na farko da na biyu suna iya tsallake iyaka a wasu halaye da za a bayyana. Na ukun kuwa a bakin iyaka yake tsayawa cik, sai fa in mai ƙasa ya ba da izini. Ko a zamanin dā, dogarin Sarkin Kano ba ya shiga ƙasar Katsina ya kamo mutum da gaban kansa. Wasiƙa ake rubutawa, sarki ya roƙi ɗan'uwansa sarki.

Birnin Jidda kansa ya taɓa ganin zamanin da ba haka abin yake ba. Tun cikin ƙarni na 16 sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa, wadda Jidda ta daɗe a ƙarƙashinta, suka fara ba Turawan Faransa da na Ingila wani gata, wanda Larabawa ke kira imtiyazat. Bisa ga wannan gata, in Bature ya yi rigima da ɗan'uwansa Bature a ƙasar Turkawa, ƙaramin jakadan ƙasarsa ne zai yi musu shari'a da dokar ƙasarsu. Da farko kyauta ce ta mai ƙarfi ga baƙin fatake. Amma da daular ta yi rauni, Turai kuma ta ƙasaita, sai kyautar ta zama tilas, har ƙananan jakadun suka riƙa shimfiɗa inuwarsu a kan duk wanda ya fito daga ƙasashen da suka mallaka, kamar fataken Indiya da ke zaune a Jidda.

A shekarar 1858 wannan al'amari ya jawo zub da jini. Gardama ta tashi a kan wani jirgin ruwa mai suna Irani da ke tashar Jidda, ko yana ƙarƙashin tutar Ingila ne ko ta Turkawa. Ingilishi suka sauke tutar Turkawa daga jirgin suka ɗaga tasu. A ranar 15 ga watan Yuni mutanen gari suka yi bore, aka kashe mutum fiye da 20, cikinsu har da wakilin Ingila, Stephen Page, da ƙaramin jakadan Faransa. Cikin watan Yuli jirgin yaƙin Ingila mai suna Cyclops ya komo ya yi ta harba igwa a kan birnin, bai bar tashar ba sai da aka kashe mutum 11 a kan laifin boren. Abin lura a nan shi ne, tambayar da ta haddasa fitinar ita ce dai tambayar 'yan'uwan saurayin nan, watau dokar wa ke aiki a wannan wuri. A wancan karo igwa ce ta ba da amsa.

Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa a farkon ƙarni na 20, alhazan da suka isa Jidda, galibi a ƙasa ta hanyar Cadi da Sudan bayan tafiyar shekaru, sai suka tarar an raba su a takarda. Mutumin Kano ko Sakkwato yana ƙarƙashin kariyar Ingila, mutumin Maraɗi ko Damagaram yana ƙarƙashin ta Faransa. Turkawa sun soke gatan nan a shekarar 1914, aka kuma tabbatar da sokewar a yarjejeniyar Lozan ta 1923. Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud, da ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925, bai yarda a maido shi ba. A ranar 20 ga watan Mayu na 1927 ɗansa Faisal da wakilin Ingila, Gilbert Clayton, suka sa hannu a yarjejeniyar Jidda, inda Ingila ta amince da cikakken 'yancin ƙasarsa. Duk da haka Ingila ta riƙe abu guda: in bawa ya gudu ya shiga ofishin wakilinta a Jidda, wakilin yana da ikon 'yanta shi, a sa shi a jirgin ruwa a fitar da shi, yawanci zuwa Sudan. Cikin waɗanda suka sami 'yanci ta wannan ƙofa akwai mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda aka sace ko aka sayar da su a hanyar hajji. Ingila ta saki wannan iko a shekarar 1936, Saudiyya kuma ta haramta bauta gaba ɗaya a 1962. Ke nan ikon baƙo a ƙasar wani ya taɓa zama abin zalunci a Jidda, ya kuma taɓa zama mafaka ga wanda ba shi da gata.

A yau ba sauran jakadan da ke zaman alƙali a ƙasar wani. Abin da ya maye gurbin tsohon tsari shi ne yarjejeniyoyi biyu da aka ƙulla a birnin Biyana, ta 1961 a kan jakadu, da ta 1963 a kan ƙananan jakadu, Nijeriya da Saudiyya kuwa duk sun shiga cikinsu. Bisa ga ta 1963, in an kama baƙo ya kuma nemi a sanar da ƙasarsa, wajibi ne hukuma ta sanar da ƙaramin jakadansa ba tare da jinkiri ba. Jakadan yana da damar ya ziyarce shi a inda yake tsare, ya yi magana da shi, ya nema masa lauya. Iyakar ikonsa ke nan. Saboda haka ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda yana iya bin sawun saurayin nan, ya sanar da danginsa, ya ba shi takardar komawa gida in za a kore shi, ya kuma roƙi sassauci. Ba shi da ikon buɗe ƙofar kurkuku, ba shi da ikon canza hukuncin alƙali.

Akwai kuma wani kuskure da ya bazu, cewa ofishin jakadanci wani yanki ne na ƙasar da ta aiko shi. Gaskiyar ita ce, filin da ofishin ke kai na mai masauki ne, dokarsa kuma tana aiki a can. Abin da yarjejeniya ta hana shi ne 'yan sandan mai masauki su kutsa ba da izinin shugaban ofishin ba. Da aka kashe ɗan jaridar nan na Saudiyya, Jamal Khashoggi, a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Istambul a ranar 2 ga watan Oktoba na 2018, Turkiyya ta ce a ƙasarta aka yi kisan, ta kuma buɗe shari'a a 2020 ba tare da waɗanda ake tuhuma suna gabanta ba. Saudiyya ita ma ta yi tata shari'ar, domin waɗanda ake tuhuma 'yan ƙasarta ne kuma suna hannunta. A shekarar 2022 Turkiyya ta miƙa shari'ar ga Saudiyya. Ƙasashe biyu sun yi da'awar iko a kan laifi guda, amma wadda mutanen ke hannunta ita ce ta iya ɗaure su.

To, ta waɗanne hanyoyi ne doka take tsallake iyaka bisa halal? Hanya ta farko ita ce ta ɗan ƙasa. Ƙasa tana iya cewa dokarta tana bin ɗanta duk inda ya tafi. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci, gama sun daɗe da tattauna hukuncin Musulmin da ya yi laifi a wajen ƙasar Musulunci. Imam Abu Hanifa yana ganin ba a tsayar masa da haddi, tun da ikon shugaba bai kai can ba, Imam Malik da Imam Shafi'i kuwa suna ganin hukuncin yana binsa. A Nijeriya, gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta kafa doka mai lamba 33 a shekarar 1990, wadda ta ce ɗan Nijeriyar da aka same shi da laifin safarar miyagun ƙwayoyi a wata ƙasa, in ya komo gida ana iya ɗaure shi shekara 5 a kuma ƙwace dukiyarsa, saboda ya zubar da mutuncin ƙasa. Lauyoyi da yawa sun soki dokar, suna cewa hukunci biyu ne a kan laifi ɗaya. Amma ko ita ma ba ta aiki sai mutumin ya sa ƙafarsa a Nijeriya.

Hanya ta biyu ita ce ta tuta. Jirgin ruwan da ke tsakiyar teku yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 ta shimfiɗa irin wannan ƙa'ida a kan jiragen sama, saboda haka in alhaji ya yi laifi a sararin sama tsakanin Kano da Jidda, ƙasar da aka yi wa jirgin rajista tana da ikon yi masa shari'a.

Hanya ta uku ita ce ta inda ɓarna ta faɗa. In mutum ya tsaya a wannan gefen iyaka ya harbi wani a wancan gefe, ƙasashen biyu duk suna da magana. Shari'ar da aka fi ambata a nan ita ce ta jirgin Faransa mai suna Lotus, wanda ya yi karo da wani jirgin Turkiyya a tsakiyar teku a shekarar 1926, Turkawa 8 suka mutu. Da jirgin ya isa Istambul, Turkiyya ta kama hafsan Faransa da ke bakin aiki ta yi masa shari'a. Faransa ta kai ƙara kotun duniya da ke Heg, a 1927 kotun ta ce Turkiyya ba ta karya doka ba. Amma a cikin wannan hukunci ne kotun ta jaddada cewa ba ƙasar da ke da damar yin aiki da ƙarfinta a cikin ƙasar wani sai da izini. Kusa da wannan hanya akwai ta kāre kai, watau ƙasa ta hukunta baƙon da ya zauna a waje yana buga jabun kuɗinta ko jabun fasfonta.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta laifuffukan da aka ɗauka an yi wa 'yan Adam duka, kamar fashin teku, da kisan ƙare dangi, da azabtar da fursunoni. A kan waɗannan, ƙasar da mai laifin ya faɗa hannunta tana iya yi masa shari'a ko da ba a ƙasarta ya yi ba. Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, da aka tumɓuke shi ya gudu Senegal. A shekarar 2016 wata kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a kan abin da ya aikata a Cadi.

Ba za a ɓoye cewa ƙarfi yana da tasiri a cikin wannan sha'ani ba. Amurka tana da doka tun 1977 da ta hana kamfanoninta ba da cin hanci ga ma'aikatan gwamnatocin waje. Da ita ne a shekarar 2009 kamfanonin KBR da Halliburton suka biya dala miliyan 579 a kan cin hancin da aka bayar don samun kwangilar masana'antar iskar gas ta tsibirin Boni a Nijeriya. Amurka tana iya haka domin kuɗin duniya da yawa ta bankunanta suke bi, kuma ba kamfanin da ke son a rufe masa kasuwarta. Ƙaramar ƙasa tana iya rubuta irin wannan doka, amma da wuya wani ya ji tsoronta. Shi ya sa wasu ke ganin abin ya zama kashin dankali, babba a kan ƙarami.

In ƙasa tana neman mutumin da ke hannun wata, hanyar halal ita ce ta roƙi a miƙo shi, bisa yarjejeniya, bayan alƙalin can ya duba hujja. Haka aka yi da James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, wanda aka kama a Dubai a 2010, aka miƙa shi ga Ingila a 2011, wata kotun London kuma ta ɗaure shi shekara 13 a 2012, domin kuɗin da ake magana a kai ta can suka bi. Akasin wannan shi ne abin da ya sami Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shugaba Shehu Shagari. A ranar 5 ga watan Yuli na 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa a London, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwati za a ɗora a jirgin da zai tafi Legas. Ma'aikatan kwastan na filin jirgin Stansted suka buɗe akwatin, domin ba shi da cikakkiyar shaidar kayan jakadanci. Gwamnatin Nijeriya ta ce ba da hannunta ba, Ingila ta ɗaure mutum 4, dangantakar ƙasashen biyu kuma ta yi tsami har shekara biyu. Ko mene ne laifin da ake tuhumarsa da shi, kamun da aka yi a ƙasar wani ba da izini ba ya zama laifi shi kansa.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Sharafiyya ya auku a ƙarshen shekarar 2018. Wata ɗaliba ta tashi daga Kano zuwa umra tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. A Madina aka kama ta, saboda an sami wata jaka cike da ƙwayar tiramadol ɗauke da sunanta, dokar Saudiyya kuwa ta tanadi hukuncin kisa a kan fataucin ƙwaya. A Kano, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta bincika, ta gano cewa wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, ta kama su ta kai su kotu. Laifi ɗaya ne, ya fara a Kano ya ƙare a Madina, kowace ƙasa kuma ta riƙe ɓangaren da ke hannunta. Ba alƙalin Nijeriya da ya isa ya ba da umarnin a saki yarinyar. Abin da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi shi ne ta tattara shaida ta miƙa wa hukumomin Saudiyya ta hanyar jakadanci. A ranar 30 ga watan Afrilu na 2019 Saudiyya ta sake ta, bayan ta yi wata huɗu a tsare.

Wani abu kuma da ya kamata a bambanta shi ne sulhun da Hausawa kan yi a tsakaninsu a ƙasar waje. Kamar yadda ake da Sarkin Hausawa a Sabon Ibadan da Sarkin Zango a Kumasi, haka a Jidda ma in Bakano da Bamaraɗe suka saɓa a kan bashi ko kayan amana, sau da yawa gaban dattawa ake zuwa kafin a je ga hukuma. Wannan abu ne mai kyau, yana rufa asiri, yana kuma rage wahala. Amma ƙarfinsa bai wuce yardar waɗanda suka zauna ba. Ran da ɗaya ya ƙi, ko kuwa aka zub da jini, sai alƙalin Saudiyya.

Saboda haka amsar da za a ba 'yan'uwan saurayin nan ita ce, fasfonsa ya ba shi wanda zai tambayi lafiyarsa, bai ba shi alƙali na dabam ba. Muddin yana Sharafiyya dokar Saudiyya ce a kansa, ko ya san ta ko bai sani ba, a wasu laifuffuka kuma dokar gida tana jiransa a filin jirgin Kano. Abin da zai amfane shi, shi da duk mai niyyar tafiya, shi ne ya riƙe takardunsa daidai, kada ya karɓi saƙon da bai ga cikinsa ba, ya ƙirga jakunkunansa da lambobinsu kafin ya tashi, in kuwa an kama shi ya nemi a sanar da ƙaramin jakadan ƙasarsa tun a ranar farko.